Zauren Kwamfuta: Sunaye a Takarda Ɗaya, Maki a Wata

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar aji ce a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata. Ƙarshen zangon nan aka ce kowa ya kawo babbar takardar sakamakon ajinsa bugagga, a daina kawo ta hannu. Na zauna na shigar da komai a Excel: ɗalibai 54, darussa 12, ga gidan lamba, gidan suna, jimla, matsakaici da matsayi. A fuskar kwamfuta komai tsaf. Da na kai shagon buga takardu sai ya fito shafi shida, sunaye a takarda ɗaya, makin Lissafi a wata, matsayi a wata daban. Na ce wa yaron shagon ya juya takardar a cikin firinta ta shiga a kwance, ya ce ba za ta shiga ba. Daga ƙarshe ya matse mini duka a shafi ɗaya, rubutun ya koma kamar kiyashi, shugabar makaranta ta dawo mini da shi. Don Allah yaya zan yi?

Malamar aji, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari. Shigar da makin yara 54 a darussa 12 ba ƙaramin zama ba ne, kuma aikinki bai ɓaci ba. Abin da ya rage bai kai minti goma ba.

Yaron shagon yana da gaskiya a abu ɗaya. Ba a juya takarda a cikin firinta. Bakin ƙaramar firinta kusan faɗin takardar A4 yake, santimita 21, kuma ta gajeren gefen nan takarda take shiga kullum. Idan kika ga takarda ta fito da rubutu a kwance, na'urar ce ta juya rubutun kafin ta ɗora shi, takardar kuwa yadda ta saba shiga haka ta shiga. Saboda haka umarnin daga cikin fayil ɗinki zai fito, kuma ke ya kamata ki ba da shi tun a gida, kafin ki ɗauki filash ki nufi shago. Excel yana ajiye wannan tsarin tare da fayil ɗin, duk inda aka buɗe shi.

Ga dalilin shafi shida. Tsawon A4 santimita 29.7 ne, faɗinta 21. Excel yana barin gefe fari na kusan santimita 1.8 hagu da dama, da kusan 1.9 sama da ƙasa. Idan takarda tana tsaye, wanda shi ne yadda Excel yake farawa da kowane sabon shafi, faɗin da ya rage wa teburinki santimita 17.4 ne kawai. Gidajenki 17 ne, kuma ina kyautata zaton kin ja wasunsu sun yi faɗi don sunan darasi ya fito cikakke, irin su Ilimin Addinin Musulunci. Da Excel ya ga teburin ya wuce bakin takarda sai ya yanka shi gida uku ta faɗi. Layukan yara 54 da kanun tebur kuma sun fi ƙarfin shafi ɗaya ta tsawo, don shafin tsaye layi kusan 48 yake ɗauka. Uku sau biyu, shida.

Idan takardar ta kwanta, faɗin ya koma santimita 26.1, ya ƙaru da rabin na farko ke nan. Amma abin da aka samu a faɗi an biya shi a tsawo, don yanzu layi kusan 32 ne zai shiga. Wannan cinikin shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Tebur mai gidaje da yawa, irin naki, kwanciya yake so. Jerin sunaye mai gida uku ko huɗu, kamar rajistar kuɗin makaranta, a bar shi a tsaye, kwantar da shi asarar takarda ce.

To ki buɗe fayil ɗin. A jerin kanun da ke can sama ki danna Page Layout. Za ki ga Orientation, a ƙarƙashinsa zaɓi biyu: Portrait shi ne tsaye, Landscape shi ne kwance. Ki zaɓi Landscape. Kusa da shi akwai Size, ki leƙa ki tabbatar A4 ne. Kwamfutoci da yawa da ake shigo mana da su suna zuwa a kan Letter, girman takardar Amurka, mai santimita 21.6 da 27.9. Idan fayil yana kan Letter alhali takardar da ke cikin firinta A4 ce, a kwance kin yi asarar faɗin kusan santimita 2 a banza, wanda ya ishi gida ɗaya har da ragowa.

Kwantar da takarda kaɗai ba lallai ya gama miki ba, sai kin rage wa teburin ƙiba. Maki lamba biyu ce ko uku, ba ya bukatar gida mai faɗi. Kanun darasin ne yake cin wuri. Ki zaɓi layin kanun darussan, ki koma Home, a wajen daidaita rubutu akwai wata 'yar alama ta haruffa a karkace. Ki danna ta ki zaɓi Rotate Text Up. Sunayen darussan za su miƙe tsaye, a riƙa karanta su daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ake rubuta su a babbar takardar hannu da kuka saba da ita. Wannan alamar ita ma Orientation take amsawa, kuma na sha ganin mutane sun rikita ta da ta takarda. Ta Home rubutun cikin gida take juyawa, ta Page Layout kuwa shafin gaba ɗaya.

Daga nan sai ki tsuke gidajen. Ki ba gidan suna santimita 5, don sunayenmu uku-uku ne, sunan yarinya da na uba da na kaka ko na gari. Sauran gidaje 16 kowanne ya samu 1.3. Jimla santimita 25.8, ya shiga cikin 26.1 ba tare da an rage girman rubutu ko kaɗan ba. Idan kina son ganin faɗin da ma'auni na gaske, ki shiga View ki zaɓi Page Layout na can, zai nuna miki takardar da rula a samanta, da santimita ko inci gwargwadon yadda aka saita kwamfutar.

Yanzu maganar matsewa, wadda ita ce ta jawo aka dawo miki da aikin. Idan kika danna Ctrl da P, allon bugu zai fito da hoton takardar a dama, jerin zaɓuɓɓuka a hagu. Na can ƙasa shi ne na girman bugu, kuma a cikinsa akwai guda biyu da suke kama da juna. Fit Sheet on One Page yana cusa komai, faɗi da tsawo, a takarda ɗaya ko ta halin ƙaƙa, kuma Excel yana iya rage rubutu har zuwa kashi 10 cikin ɗari don ya cika wannan umarnin. Shi yaron shagon ya danna. Wanda kike so shi ne Fit All Columns on One Page. Wannan faɗin kawai yake kula da shi, ya tabbatar duk gidajen sun shiga, tsawon kuma ya bar shi ya gangara shafi na biyu da na uku yadda ya kama. Ko da lissafin santimitanki ya yi daidai, ki zaɓe shi, saboda firintoci sun bambanta wajen gefen da suke iya bugawa, kuma ba a son gidan matsayi shi kaɗai ya faɗa wata takarda.

Bayan kin zaɓa, ki buɗe Page Setup ki danna kan Adjust to ki ga lambar da ke wurin, sannan ki mayar da zaɓin inda yake. Lambar nan ita ce take gaya miki nawa aka rage. A ra'ayina, duk abin da ya yi ƙasa da kashi 70 bai kamata a miƙa wa mutum ba. Rubutu mai girman 11 idan aka rage shi zuwa kashi 60 ya koma ƙasa da 7, kuma takardar nan ba a kan tebur ɗaya za ta tsaya ba. Za a yi mata hoto a injin da tawadarsa ta yi rauni, malamin da idonsa ya fara gajiya zai kwafi maki daga cikinta zuwa katin sakamako, wataƙila da daddare da hasken waya. A irin wannan rubutun 38 da 88 ba su da nisa. Yarinyar da ta ci jarrabawa tana iya komawa gida da faɗuwa saboda an so a tsimi takarda ɗaya. Shugabarku ta yi daidai da ta ƙi karɓa.

Da wannan tsarin yaranki za su rabu shafi biyu, ko uku. A nan ne abin da ya fi kowanne amfani yake, kuma shi mutane suka fi mantawa. Shafi na biyu zai fito da maki zalla ba kanun darussa, mai karatu ya rasa ko gida na bakwai Hausa ne ko Kimiyya. A Page Layout ki danna Print Titles. A gurbin Rows to repeat at top ki danna, sannan ki zaɓi layukan kanun teburinki da linzami. Idan layi uku na farko ne za ki ga ya rubuta $1:$3. Shi ke nan, kowane shafi zai fito da sunan aji da kanun darussa a samansa.

Sai ki duba yadda rabon ya kasance. Kanun da aka miƙar tsaye suna cin tsawo, kamar santimita 3.5 tare da sunan makaranta. Abin da ya rage zai ɗauki yara 25 ko 26, ke nan biyu ko huɗu za su zame su faɗa shafi na uku su kaɗai. Maganinsa a Margins yake. Ki zaɓi Custom Margins ki rage sama da ƙasa zuwa santimita 1.3, sai kowane shafi ya ɗauki 28. Yara 54 sun shiga shafi biyu, har da ɗan wurin sa hannun malamar aji da na shugaba a ƙasan na biyu. Idan wurin sa hannun bai isa ba, gara shafi uku masu sarari da biyu a cunkushe. Gefen da za a huda ko a danne da sitefula kuma ki bar masa akalla santimita 2, kada ƙarfe ya cinye lambar yara.

Layukan tebur da kike gani a fuskar kwamfuta ba sa fitowa a takarda sai an ce su fito. Ki zaɓi teburin duka ki sa masa All Borders, ko ki shiga Page Layout ki danna akwatin Print da ke ƙarƙashin Gridlines. A shafi mai kwance ido yana tafiya mai nisa daga suna zuwa matsayi, idan babu layi sai ya zame ya hau makin wata.

Idan duk da haka kika ga wani shafi fari ya biyo baya, ki danna Ctrl da End. Zai kai ki gida na ƙarshe da Excel yake ganin an taɓa. Sau da yawa wani ɗigo ne ko harafi da hannu ya danna can nesa ba a sani ba. Ki goge shi, ko kuma ki zaɓi teburinki kaɗai ki danna Print Area sannan Set Print Area, ba zai ƙara kallon abin da ke waje ba.

Zan ƙara miki wani abu tun kafin ya zo, don na san yadda makarantu suke. Wata rana za a ce a nuna makin gwaji da na jarrabawa da jimla a kowane darasi. Darussa 12 sau uku, gidaje 36, da sauran biyar, 41. Ko kin bar gidan suna a santimita 5 kin tsuke sauran 40 kowanne zuwa 0.9, faɗin ya kai santimita 41. A kan A4 a kwance sai an rage zuwa kusan kashi 63, mun koma gidan jiya. Hanya biyu ce mai kyau. Ta farko takardar A3, wadda ta ninka A4, mai santimita 29.7 da 42. A kwance, da siririn gefe, za ta ɗauke teburin kusan yadda yake, sai dai ƙananan firintoci ba sa cin ta, sai manyan injinan hoto na shaguna. Ki tambaya kafin ki saita. Ta biyu, ki bar teburin ya rabu biyu ta faɗi da gangan, darussa shida a kowane ɓangare, amma a Print Titles ki cika gurbin Columns to repeat at left da gidan lamba da na suna. Kowace takarda za ta fito da sunayen yaran a hagunta. A View akwai Page Break Preview, inda shuɗayen layuka suke nuna wurin yanka, kina iya jan su da linzami don kada a raba darasi ɗaya gida biyu. Abin lura shi ne idan kin kunna ɗaya daga cikin zaɓin Fit, Excel ba ya bin yankan da kika yi da hannu, sai ki mayar da shi No Scaling ko ki rubuta kashin da kike so a Adjust to.

Na ƙarshe, kada ki kai fayil ɗin Excel shago. Idan hoton bugun ya yi miki, ki je Save As ki ajiye shi a matsayin PDF, ki buɗe ki duba kowane shafi da idonki. Kwamfutar shago tana da tata firintar da nata girman takarda, wani lokaci ma babu irin haruffan da kika yi amfani da su, sai gidaje su motsa. PDF kuwa yadda kika rufe shi haka zai buɗe. Ga kuma amana: makin yara ne, a Excel hannu yana iya taɓa gida ɗaya lamba ta canza ba wanda ya lura. Ki ce a fara buga shafi ɗaya ki gani kafin a saki sauran, kuma ki tsaya a goge fayil ɗin daga kwamfutar shagon kafin ki fita.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar manoma. Littafin kuɗinmu a fayil ɗaya yake, kowane wata da shafinsa, sha biyu, da shafin taƙaitawa a gaba. A ofis, da Excel, na kwantar da watan farko, da na buga sai sauran suka fito a tsaye. A gida kuma LibreOffice nake da shi, mai aiki irin na Excel, da na kwantar da wata ɗaya sai duka suka kwanta har da shafin taƙaitawa da nake so a tsaye. Wanne ne ya lalace?

Ma'aji, Maraɗi

AMSA

Barka kadai, Malam Ma'aji. Babu wanda ya lalace, kowanne da ɗabi'arsa.

A Excel kowane shafi yana riƙe da nasa tsarin bugun, bai san na maƙwabcinsa ba. Don ka kwantar da watannin a lokaci ɗaya, danna sunan watan farko a can ƙasa, riƙe Shift, danna na ƙarshe. Duk sha biyun za su haɗu, kuma a saman allo kusa da sunan fayil za ka ga alamar cewa suna haɗe. Sai ka zaɓi kwanciyar sau ɗaya ta hau kansu duka. Idan Excel ɗinka na Faransanci ne, kamar yadda aka fi samu a ofisoshin Nijar, wurin shi ne Mise en page, sannan Orientation, kwanciyar kuma Paysage. Da ka gama, nan take ka danna shafin taƙaitawa don haɗin ya warware. Wannan gargaɗin da gaske nake yin sa. Muddin shafukan suna haɗe, duk lambar da ka rubuta a gida ɗaya za ta shiga wannan gidan a dukkan watannin, ta danne abin da ke ciki. A littafin kuɗin jama'a wannan ba ƙaramar fitina ba ce, kuma ba za ka gani ba sai ranar da ake karanta lissafi a gaban 'yan ƙungiya. Ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe kafin ka fara.

LibreOffice Calc kuma tsarin takarda ba a jikin shafi yake ajiye shi ba. Yana da abin da yake kira salon shafi, kuma duk shafukan sabon fayil salo ɗaya suke bi, mai suna Default. Da ka taɓa shi ka taɓa kowa. Abin yi shi ne ka ƙirƙiri salo na biyu. Danna F11, jerin salo zai fito a gefe, ka shiga ɓangaren salon shafi, ka danna linzami ta dama ka zaɓi sabo, ka sa masa suna, misali Kwance, a cikinsa ka zaɓi takarda a kwance. Sai ka shiga kowane wata ka danna sunan salon sau biyu. Shafin taƙaitawa ka bar shi a kan na asali, a tsaye.

Abin da dukkansu biyun ba sa yi shi ne haɗa tsaye da kwance a cikin shafi guda. Idan kana da faffaɗan tebur a sama da siririn jeri a ƙasansa, ka raba su shafi biyu, kowanne ya samu zaman da ya dace da shi.

TAMBAYA

Malam, ina buga jadawalin albashi gaba da baya don tsimin takarda. A kwance yake, amma bayan takardar kullum kai ƙasa yake fitowa.

Wani akawu, Kaduna

AMSA

A wajen zaɓin bugun gaba da baya akwai iri biyu, juyawa ta dogon gefe da juyawa ta gajeren gefe. Firintoci galibi a kan dogon gefe suke, don shi ya dace da takardar tsaye da ake buɗewa kamar littafi. Takarda a kwance gefenta na hagu shi ne gajere, saboda haka ka zaɓi Flip pages on short edge, sai bayan ya fito daidai idan aka buɗe daga dama zuwa hagu. Idan kuwa ta sama za ka huda takardun ka sa a fayil, a riƙa ɗaga su sama, to yadda yake fitowa yanzu shi ne daidai, kada ka canza. Ka fara yanke shawarar gefen da za a ɗaure, sannan ka gwada da takarda ɗaya kafin ka saki albashin ma'aikata duka.